M-209 a Michigan: hanyar jiha da ba ta kai kilomita ɗaya ba. Me ya sa aka ba ta lamba, me ya sa aka cire?

MaiTaswira:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masana hanya da masana tarihi su sa baki. A jihar Michigan ta Amurka, cikin gundumar Leelanau, akwai wani guntun titi da a da yake ɗauke da lambar jiha, M-209. Tsawonsa mil 0.543, wato mita 874. Yana tashi daga inda M-109 ta yi kwana, ya miƙe arewa ya ratsa ƙauyen Glen Haven, ya ƙare a kusa da bakin Tafkin Michigan. Tun shekarun 1920 yake cikin jerin hanyoyin jiha, kuma shi ne mafi gajarta a cikinsu har zuwa tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka cire lambar aka miƙa shi ga hukumar hanyoyin gunduma. Yau sunansa Glen Haven Road.

Ni dai a ganina tun farko kuskure ne a ba titin da mutum zai taka da ƙafa cikin minti 10 matsayin hanyar jiha. Cire lambar kuma ba wani abu ba ne illa jiha ta sauke nauyinta ta ɗora wa na ƙasa da ita. Wanda yake da hujja saɓanin haka, bismillah.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam MaiTaswira, ka auna titin da tsawonsa, alhali waɗanda suka ba shi lamba da abin da ke ƙarshensa suka auna shi.

Glen Haven ba ƙauyen noma ba ne da ya tsiro haka kawai. Wani mai suna C. C. McCarty ne ya kafa wurin a 1857, ya gina masauki, daga baya aka yi gadar lodi da ta shiga cikin ruwa. Jiragen ruwa masu tururi da ke zirga-zirga tsakanin Chicago da gabashin tafkunan suna bi ta mashigin Manitou, tsakanin gaɓa da tsibiran Manitou guda biyu, kuma a wancan zamani itace suke ƙonawa. Dole su riƙa tsayawa suna ɗibar faskare. Glen Haven ɗaya ce daga cikin wuraren tsayawar. A 1878 David Henry Day ya zo a matsayin wakilin kamfanin jiragen, a 1881 ya saye harkar wurin. Shi ya riƙe injin yankan katako a bakin ƙaramin tafkin Glen, da siririn layin dogo mai kai katako zuwa gadar lodi, da babban kanti. Da dazuzzukan suka ƙare, sai aka koma noman ɗan itacen nan ceri, aka gina masana'antar zuba shi a gwangwani a bakin ruwa cikin shekarun 1920.

Ga kuma tashar ceton waɗanda jirgi ya kife da su, wadda aka gina a 1901 a tsinin Sleeping Bear. Gadar lodi, masana'anta, masauki, tashar ceto ta gwamnatin tarayya, duk a yanki guda. Hanyar da ta kai ga wannan ba ta unguwa ba ce.

Baban_Zahra:
Ƙari a kan bayanin Malam: shi wannan Day ɗin shi ne shugaban farko na hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar, wadda aka kafa a 1919, kuma ya ba da eka 32 na filinsa a gabashin ƙauyen aka yi wurin shaƙatawa na jiha da sunansa. Ya rasu a 1928. Mutum mai irin wannan faɗa a ji, ba abin mamaki ba ne titin ƙofar kasuwancinsa ya samu shiga lissafin jiha.

Injiniya_Bashir:
Kafin a yi nisa, a gane yadda aka raba hanyoyi a Michigan, don nan ne amsar take. Hannu uku ne: ma'aikatar sufurin jiha, MDOT, tana riƙe da kimanin mil 9,600, hukumomin hanya na gundumomi 83 suna riƙe da wajen mil 90,000, sauran na birane da ƙauyuka ne masu hukumar kansu. Ya yi kama da rabon Trunk A, B da C da muka sani, amma da bambanci babba: gunduma a can tana da hukumar hanya mai gareji, da motoci, da injiniya, da kasonta na harajin mai da doka ta yanka mata kai tsaye.

A farkon ƙarni na 20 abin ba haka yake ba. An kafa ma'aikatar hanyoyin jiha a 1905, Horatio Earle ne kwamishinan farko, kuma aikinta a lokacin biyan lada ne: ƙaramar hukuma ta gina mil ɗaya bisa ƙa'ida, jiha ta biya ta tsakanin dala 250 zuwa 1,000 gwargwadon irin shimfiɗar. Dokar 1913 ta ware manyan hanyoyi na kimanin mil 3,000 ta ninka musu ladan. A 1919 aka fara kafa allunan lamba. Hanyoyin karkara kuwa suna hannun ƙananan yankunan da ke ƙarƙashin gunduma, waɗanda ba su da kuɗi ba su da kayan aiki, har sai da dokar McNitt ta 1931 ta mayar da su hannun gundumomi, kashi 20 cikin ɗari kowace shekara har shekara 5.

To a shekarun 1920, in ana so titi ya samu tsakuwa mai kyau, da gireda a kan lokaci, da magudanar ruwa, hanya mafi tabbas ita ce a saka shi cikin jerin jiha. Lambar ba ado ba ce, alƙawarin kulawa ce.

Ummu_Khalil:
Tambaya: M-209 ɗiyar M-109 ce a tsarin lamba? Kamar yadda I-196 da I-496 suke rassan I-96?

Injiniya_Bashir:
A'a Hajiya. Wancan tsari na manyan titunan tarayya ne. Lambobin M ba su da irin wannan doka. Kusancin 109 da 209 ya sa abin ya zo da sauƙin tunawa, amma ba za ki iya duba lambar M ki san inda take ko wace ta haife ta ba. Harafin M ɗin kuma ɓangare ne na sunan, shi ya sa ake rubuta shi a saman allon.

Sani_Gireda:
Ina tare da MaiTaswira a rabin maganarsa na biyu. Duk titin da aka miƙa maka, ka gaji ramukansa, da kwalbatocinsa, da ƙarar duk wanda ya faɗa rami. Kuma yankin nan dusar ƙanƙara take sauka ba ta wasa ba, saboda iska tana ɗebo danshi daga tafki ta juye a gaɓa. Inci 100 a hunturu ɗaya ba labari ba ne a Leelanau. Wa zai share? Gunduma.

Garba_Lissafi:
Malam Sani, a fiye da gundumomi 60 na Michigan, ai gundumar ce dama take share hanyoyin jiha, bisa kwangila da MDOT. Motar ɗaya ce, direban ɗaya ne. Abin da ke canzawa shi ne aljihun da ake biya daga ciki da kuma layin da titin yake bi wajen fifiko.

Ga yadda kuɗin yake tafiya a ƙarƙashin doka mai lamba 51 ta 1951. Harajin mai da kuɗin rajistar motoci suna shiga asusu ɗaya. Bayan an cire wasu abubuwa daga sama, sai a raba: kashi 39.1 na jiha, 39.1 na gundumomi, 21.8 na birane da ƙauyuka. A cikin kason gundumomi, hanyoyi iri biyu ne, manya da ƙanana. Kuɗin manyan ana raba shi ne galibi bisa yawan rajistar motoci a gundumar, kashi 75. Tsawon hanya kashi 10 kacal yake ja. Sauran 15 a raba daidai wa daida. Kuɗin ƙananan kuma kashi 65 bisa tsawo, 35 bisa yawan mutanen karkara. Akwai kuma ɗan kaso na musamman na share ƙanƙara ga gundumomin da take yi wa yawa.

Ma'ana, rabin mil da aka ƙara wa Leelanau ya ƙara mata kuɗi, amma kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa duk cinikin yana kan yanayin da titin yake ciki ranar miƙawa.

Hajiya_Safiyo:
Nan ne nake so in shigo, don mutane suna ɗauka miƙa hanya cire allo ne kawai. Ba haka ba ne. Michigan tana da doka a kan wannan, mai lamba 296 ta 1969, kuma asalinta yardar ɓangarorin biyu ne, tare da cewa mai miƙawa shi ke da alhakin gyara hanyar ta kai matsayin da za a karɓa, ko ya biya kuɗin gyaran.

A aikace, ana fara zagayawa tare, injiniyan jiha da na gunduma, a rubuta halin kwalta, kafaɗun titi, kwalbatoci da alamomi. Sai a yi yarjejeniya a rubuce: ko jiha ta gyara kafin ta miƙa, ko ta ba da kuɗi dunƙule. Hukumar gunduma ta zauna ta amince a zamanta na hukuma. Takardar miƙawa dole ta faɗi daidai inda aka fara da inda aka tsaya, da ma'aunin safiyo, ba "daga kwana zuwa bakin ruwa" ba. Sai a miƙa zanen gini, da takardun filin hanya, da izinin da aka taɓa ba masu bututu da wayoyi da masu mashigar gida. Daga ƙarshe gunduma ta saka titin a taswirar da take tabbatarwa duk shekara, don sai ya shiga wannan taswira yake jawo kuɗi.

Inda ake samun matsala kusan kullum shi ne filin hanya. Faɗin da aka saba a karkarar Michigan ƙafa 66 ne, 33 kowane gefe daga tsakiya, daidai da tsawon sarƙar awo ta tsoffin masu safiyo. Amma tsofaffin hanyoyi da yawa ba saye aka yi ba. Jama'a ne suka yi ta bi, hukuma tana gyarawa, har shekara 10 ta cika doka ta ɗauke ta a matsayin hanyar jama'a. A irin wannan, ƙasar tana nan ta mai gona, haƙƙin wucewa kawai hukuma take da shi. In ba a tantance wannan ba kafin miƙawa, ranar da gunduma ta zo faɗaɗa lambatu ko sare bishiya, rigima ta tashi.

MaiTaswira:
Na karɓi gyaran Malam_Tarihi a kan dalilin ba da lambar. To amma in don gadar lodi da tashar ceto aka ba ta, yaushe waɗannan suka daina aiki? Ina jin an daɗe.

Malam_Tarihi:
An daɗe ƙwarai, kuma nan maganarka ta samu ƙarfi. Tashar ceto ta koma ƙarƙashin Rundunar Tsaron Gaɓa da aka kafa a 1915. A 1931 rairayi ya yi ta tasowa zai binne ta, aka janye gine-ginen zuwa inda suke yanzu, yamma kaɗan da ƙauyen. A 1944 aka rufe ta. Rediyo da na'urorin gano hanya da jiragen ceto masu inji sun rage buƙatar mutanen da ke sintiri a gaɓa da fitila, suna harba igiya da ƙaramar igwa zuwa jirgin da ya maƙale. Jiragen fasinja masu tururi sun daina zuwa tun da mota ta karɓe harkar, masana'antar gwangwani ma ta tsaya a shekarun 1940.

Abin da ya riƙe ƙauyen bayan nan yawon buɗe ido ne. Daga 1935 zuwa 1978 iyalan Day suna ɗaukar baƙi a motoci masu faffaɗan taya suna hawa jigayin rairayin da su, kuma daga Glen Haven ake tashi. A 1970 majalisar tarayya ta kafa gandun Sleeping Bear Dunes, wato keɓaɓɓen wurin shaƙatawa na ƙasa, hukumar gandayen ƙasa ta saye mafi yawan ƙauyen. Yanzu kantin, da maƙerar, da masana'antar gwangwani da ta zama wurin ajiye tsoffin kwale-kwale, da tashar ceto, duk wuraren tarihi ne.

Wato lambar ta yi kimanin shekara 50 tana raye bayan dalilinta na farko ya mutu.

Baban_Zahra:
Wannan ba M-209 kaɗai ba ce. Duba M-168 a Elberta, kudu da nan a gundumar Benzie: mil 0.953, an yi ta ne don kaiwa ga tashar jiragen fito na kamfanin jirgin ƙasa na Ann Arbor, masu ɗaukar taragai su haye tafki zuwa Wisconsin. Fiton ya tsaya a 1982. Lambar ba ta sauka ba sai 2012, bayan an sake gina titin aka miƙa wa ƙauyen. Shekara 30 ke nan.

M-108 a Mackinaw City ma haka: ita ce hanyar zuwa jiragen fito na jiha. Gadar Mackinac ta buɗe ranar 1 ga Nuwamba 1957, fito ya ƙare, amma lambar ta kai 2010.

Ummu_Khalil:
To me yake jawo wannan jinkiri? In dalili ya ƙare, me ya hana a miƙa a shekarar?

Garba_Lissafi:
Babu mai gaggawa, Hajiya. Ƙaramar hukuma ba ta son karɓar titin da ya tsufa. Jiha kuma ba ta son kashe kuɗin sake gina titin da motoci kaɗan ke bi alhali manyan hanyoyi na jira. Sai a bar shi ana ɗan toshe ramuka. Ana daidaitawa ne ranar da ɗaya daga cikinsu yake son wani abu: ko ƙauye yana son ikon tsara titinsa da kansa, wurin ajiye motoci, hanyar masu ƙafa, rage gudu, ba tare da neman izinin jiha ba, ko jiha tana son musayar wannan da wani titin da ya fi amfani gare ta.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa kullum jiha saukewa take yi. A 1997 Gwamna John Engler ya nemi jiha ta karɓe dubban mil daga hannun gundumomi da birane. Su ne suka ƙi, don kuɗin zai bi hanyoyin ya bar su. Kaɗan aka karɓa daga baya.

Kwalta_da_Tsakuwa:
Bari a sa lissafi a kan "nauyin" da ake ta faɗa, don a ga girmansa. A ɗauka faɗin kwaltar mita 7 ne. Mita 874 sau 7 ya ba da murabba'in mita 6,118.

Gyaran da gundumomi suka fi yi wa irin wannan titi shi ne feshin kwalta da tsakuwa. Ana fara toshe tsagogi da cike ramuka, zai fi kyau tun watanni kafin feshin don facin ya zauna. A share titin tas. Motar feshi ta zuba ruwan kwalta kimanin lita 1.8 a kowane murabba'in mita, motar baza tsakuwa na biye da ita a gindi, tana zuba wankakkiyar tsakuwa mai girman milimita 10, wajen kilo 12 a murabba'in mita. Rola mai tayar roba ta bi nan take, sau biyu ko uku. Washegari a share tsakuwar da ba ta kama ba. A wannan titi, kusan lita 11,000 ke nan da tan 73 na tsakuwa. Aikin yini ɗaya ne ga ƙungiya ɗaya, kuma yana riƙe shekara 5 zuwa 7.

Abin da ke ɓata shi: tsakuwa mai ƙura ba ta kamawa. In motar tsakuwa ta yi jinkiri ruwan kwalta ya fara daskarewa, ba ta kamawa. In kwalta ta yi yawa, ranar zafi za ta taso sama titi ya yi santsi. In ta yi kaɗan, motar share ƙanƙara za ta kankare tsakuwar a hunturun farko. Abin da ake nema shi ne kowace tsakuwa ta nutse rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Kuma ba a yi a ƙarshen kaka, sanyi ba ya barin ta ta kama.

Amma a kula, wannan magani ne na titin da gindinsa ke da lafiya. A ma'aunin lafiyar titi na PASER da Michigan ke amfani da shi, daga 1 (mafi lalacewa) zuwa 10 (mafi kyau), feshi na titin da yake 5 zuwa 7 ne. In ya faɗo 4 zuwa ƙasa, asarar kuɗi ce. Sai a niƙe kwaltar a haɗa da gindin a sake shimfiɗawa.

Sani_Gireda:
Kwalta_da_Tsakuwa, lissafinka ya tsaya a kwalta. Ina kumburin sanyi? Ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma a ƙarƙashin titi yana taruwa ya zama faifan ƙanƙara ya ɗaga kwalta. Da narkewa ta zo, sama ya narke ƙasa na daskare, ruwa ya rasa mafita, gindin titi ya zama kunu. Lokacin ne babbar mota ɗaya take yin ɓarnar shekara.

Kwalta_da_Tsakuwa:
Gaskiya ne Malam Sani, amma kumburin yana buƙatar abu uku a tare: sanyi, ruwa, da ƙasa mai laushin gari da ke tsotso ruwa sama. Glen Haven a kan rairayi take. Rairayi yana zubar da ruwa, ba ya tsotsowa. Matsalar titi a irin wurin nan ta fi karkata ga gefuna: kafaɗa ba ta da ƙarfi, baƙi suna ajiye motoci a kanta, bakin kwalta ya riƙa gutsurewa, iska kuma tana kwaso yashi ta zuba a kan hanya ta cike lambatu.

Game da manyan motoci, doka ta tanadi rage nauyi a lokacin narkewa, wajen Maris zuwa Mayu: kashi 35 cikin ɗari a kan titin kwalta, 25 a kan na kankare, sai dai hanyoyin da aka gina don ɗaukar kaya duk shekara. Gwajin da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke kan layin taya ya ninka biyu, ɓarnar tana ninkawa kusan sau 16. To titin da ƙarshensa gidan tarihi ne da bakin ruwa, ba tirela ke binsa ba. Wannan ma hujja ce cewa ba ya buƙatar ma'aunin jiha.

DanBorno77:
Ni abin da ya ɗaure min kai: tunda gwamnatin tarayya ce ta mallaki ƙauyen, me ya sa ba ita aka ba titin ba?

Hajiya_Safiyo:
Sayen filayen da ke gefen hanya ba ya ba ka hanyar. Hanyoyin gunduma da ke cikin gandun suna nan a hannun hukumomin Leelanau da Benzie, kuma mutanen yankin sun daɗe suna tsaye a kan haka, don suna tsoron in hanya ta koma hannun hukumar gandu wata rana a rufe ta. Ko da aka ayyana eka 32,557 na gandun a matsayin dajin da ba a taɓawa a 2014, an zana iyakar ne ta kauce wa hanyoyin gunduma.

Cikin 'yan mil kaɗan za ka taka masu hanya uku. M-109 ta jiha ce. Glen Haven Road ta gunduma. Hanyar kallo ta Pierce Stocking, mil 7.4, wadda ake shiga daga M-109, ta hukumar gandu ce, kuma ana rufe ta ga motoci da hunturu. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin abin da mutane ke gudu.

Baban_Zahra:
A kan rufewa da hunturu, M-107 misali ce mai kyau, can arewa a gundumar Ontonagon. Mil 9.576, daga Silver City zuwa wurin hangen Lake of the Clouds a tsaunukan Porcupine. An ba ta lamba a 1935, aka cire a 2008. Ko a lokacin da take ta jiha, ba a share ƙarshenta da hunturu, masu babur ɗin kan ƙanƙara ake bar wa. Don haka lamba ba ta tabbatar da cewa za a share maka. Ita kuma da lambar ta tafi sunan ya zauna, don an mayar da ita hanyar tunawa da bataliyar injiniyoyin soja ta 107.

Ummu_Khalil:
Duk da haka akwai abin da ake rasawa. Taswirar jiha tana fito da hanyoyin M da layi mai kauri da lamba. Baƙo yana bin lamba. Ƙauyen da ya rayu da baƙi, in aka cire shi daga wannan jeri, an rage masa wani abu, ko da kwaltar ba ta canza ba.

Injiniya_Bashir:
A wani wurin haka ne, Hajiya. A Glen Haven allunan hukumar gandu masu ruwan ƙasa sun maye gurbin. Wanda ya fi shan wahalar cire lamba shi ne ƙauyen da ba shi da gandu a bayansa.

Akwai kuma abin da ya fi taswira nauyi: tallafin tarayya ba ya bin lamba, yana bin ajin aikin hanya. Titin karkara da aka lissafa a ƙaramin aji galibi ba ya cikin masu cin wannan tallafi. Don haka duk mai karɓar hanya ya duba ajinta kafin ya sa hannu.

DanBorno77:
Yanzu wace ce mafi gajarta?

Baban_Zahra:
Cikin masu allo, M-212 a gundumar Cheboygan, mil 0.732, daga M-33 zuwa wurin shaƙatawa na Aloha. Tun 1937 take. Irin dalilin M-209 ne ya haife ta, ita kuma wurin da take kaiwa na jiha ne har yau.

MaiTaswira:
To wannan ya dawo da ni kan tambayata. In M-212 ta cancanci zama saboda tana kai wa wurin jiha, M-209 kuma ta sauka saboda wurin ya koma na tarayya, me ya sa M-107 ta sauka alhali gandun Porcupine na jiha ne tun 1945? Ƙa'idar ba ta tafiya daidai.

Garba_Lissafi:
Ba ta tafiya daidai saboda ba ƙa'ida ɗaya ake bi a share su gaba ɗaya ba. Kowace miƙawa ciniki ce tsakanin hukuma biyu, a shekararta, da kuɗin da ke hannu a lokacin. Inda gunduma ta ga riba ta karɓa. Inda ba ta gani ba, lambar tana nan.

Sani_Gireda:
Ni har yanzu ban gamsu cewa gunduma tana fita da riba ba. Feshin yini ɗaya da Kwalta_da_Tsakuwa ya lissafa gaskiya ne, amma shekara 20 ko 25 in ta zagayo sake gini ake yi, kuma kuɗin rabin mil daga asusun doka ta 51 ba zai tara wannan ba. Gishiri ma kuɗi ne, kuma in sanyi ya wuce digiri 7 zuwa 9 ƙasa da sifiri ƙarfinsa na narkar da ƙanƙara yana raguwa ƙwarai, sai a koma yashi, yashin kuma a zo a kwashe shi daga lambatu bayan hunturu.

Malam_Tarihi:
Ga mai son bin tarihin irin waɗannan hanyoyi da kansa, a kiyaye abu ɗaya: kowace miƙawa tana da ranaku uku, kuma ba sa haɗuwa. Akwai ranar da aka sa hannu a takarda, akwai ranar da ma'aikata suka zo suka cire alluna, akwai kuma shekarar da taswirar jiha ta fito babu lambar. Taswira ana shirya ta watanni kafin a buga, don haka tana iya nuna hanyar da aka riga aka miƙa. Mai rubuta tarihi ya faɗi wace rana yake nufi. Takardar miƙawa da rubutaccen zaman hukumar gunduma su ne hujja; taswira da jaridar yankin shaidu ne na biyu. Haka ma tsawo: awon da aka yi daga tsakiyar mahaɗa ba zai zo daidai da wanda aka yi daga bakin kwalta ba, kuma a titin da bai kai kilomita ba, 'yan mitocin nan suna bayyana.

Kalmar Turancin da takardun kan yi amfani da ita, "abandoned", ita ma tana rikita mutane, don ma'anarta ta yi kama da "an yi watsi da ita". Jiha ce ta saki ikonta, ba hanyar aka rufe ba. Rufe hanya ga jama'a wani mataki ne daban, da sanarwarsa da zaman jin ra'ayi.

Hajiya_Safiyo:
Haka ne Malam. Kuma a haɗa da hotunan sama na ƙarshen shekarun 1930, a ɗora su kan taswirar yau. A nan ake ganin ko titin ya taɓa matsawa daga layinsa na asali. In ya matsa, filin hanyar da ke takarda yana wuri ɗaya, kwaltar tana wani wurin, kuma gunduma ta gaji duka biyun.

Malam Garba, a lissafinka na doka ta 51, in titi ya shiga taswirar gunduma a tsakiyar shekara, daga yaushe yake fara jawo kuɗi?

Garba_Lissafi:
Rabon yana bin tsawon da aka tabbatar ne, Hajiya, ba ranar cire allo ba. Shi ya sa mai karɓa yake so a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai biya share ƙanƙara da facin ramuka a tsakanin ranar miƙawa da ranar da sabon lissafi zai fara aiki. In aka miƙa ana gab da hunturu ba a rubuta wannan ba, gunduma ce za ta share daga aljihunta.